A Faɗa wa Mijin Kaka

Duk wanda ya taɓa shan fura a tashar babura ta Giyawa ya san Asta, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai ƙwarya uku a gindin itacen bedi, wato darbejiya, wadda kafin ta gama dama maka fura ta riga ta ji garinku, da sunan kakanka, da dalilin da ya sa ka rame. A ruga aka haife ta, cikin shanu ta tashi, sannan aka kawo ta gidan Malam Hamidu manomi, mutumin da kan wuni bai ce komai ba ban da sallama da tasbihi. Mutanen gari na cewa Allah ya tattara rabon maganar gidan ne ya danƙa wa Asta ita kaɗai. Ita ma ba ta musa ba, cewa take ai dole wani ya yi aikin.

Sai dai akwai mutum guda a duniya da Asta ba ta taɓa fuskanta ta yi masa magana ba, shi ne ɗanta na fari, Muhammad Auwal. Sunansa ma bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar da uwarta tana yi, kuma ita ta riƙe abin da hannu biyu. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa Kaka, mahaifiyar Malam Hamidu, wadda ɗakinta ke ƙuryar gidan. Kaka ta rungume jika tana kiransa mijinta, suna tsokanar juna kamar yadda kaka da jika suka saba. Daga nan Asta ta samu mafita: in ta tashi ambatonsa sai ta ce mijin Kaka.

Yadda suke yi kuwa abin kallo ne. Kaka na zaune a kan ’yar kujerarta ta tsugunno, Auwal na gefenta, taku biyu tsakaninsa da uwarsa. Asta za ta juya baya, ta kama shara ko daka, ta ce wa bango, “Kaka, a hwaɗa ma mijinki rigatai ta yi dauɗa.” Kaka sai ta waiwayo ta maimaita masa, ta ƙara gishiri da yaji, shi kuma ya ba Kaka amsa. Shekara talatin da huɗu aka yi a haka, saƙo bai taɓa ɓata a hanya ba.

Da Auwal ya girma ya shiga harkar albasa, ta kai shi har Aba, ya zauna can da iyalinsa. Duk bayan wata biyu, in motar albasa za ta tashi daga Goronyo, akan ba direba kwalbar man shanu da ƙullin daddawa a ce in ji Kaka. Duk shekara kuma, in Babbar Sallah ta matso, Kaka kan sa a miƙo mata ’yar ƙaramar wayar Malam Hamidu mai tocila, ta kira shi ta ce, “Mijin banza, za ka zaka ko in sake aure?” Shi kuwa ya yi dariya ya haɗo kaya. Bai taɓa fashin Sallah ba.

A irin wannan zuwan ne, shekara uku da suka wuce, ya kawo babbar waya mai shafe-shafe. Bai isa ya miƙa wa Asta hannu da hannu ba, sai ya ba ƙanwarsa Halimatussa’adiya, wadda ake kira Sadiya, malamar firamare ce a Goronyo, ya ce ta ba Inna. Asta ta juya wayar gaba da baya ta ce, “Mi zan yi da madubi? Ina da nawa.” Ba a yi wata biyu ba, madubin nan ya zama kamar ƙwarya ta huɗu a gindin bedi.

Asta ba ta karatun boko, amma ta san launi, kuma wadda ta iya bambance shanu sittin da ido ba manhajar waya ce za ta gagare ta ba. Kowace manhaja ta raɗa mata suna. Wasaf ita ce Koriya. Tiktok ita ce Baƙa Mai Rawa, inda take kallon matan wasu ƙasashe suna girki tana yi musu gyara da babbar murya, wai wace ce ke zuba albasa kafin mai ya yi zafi. Akwai mai kiran salla, wadda ranar farko ta watsa kajin gidan. Akwai mai faɗin ruwan sama, wadda suka daɗe suna gardama da ita: wayar ta ce ba ruwa, Asta ta dubi gabas ta ce a kwashe shanya, kuma a lissafinta ita ce ke kan gaba. Wata rana Sadiya ta ɗauke ta hoto da manhajar nan mai goge fuska, ta fito fes kamar amarya. Aka kai wa Malam Hamidu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Wagga ɗiyar wa ta?” An yi mako ana ba da labarin, don ba kullum ake samun jimla cikakkiya daga bakinsa ba.

Amma inda Asta ta yi suna shi ne saƙon murya. Ranar da ta gane cewa za ta iya magana ba mai katse ta, ranar ta ce lallai zamani ya zo da alheri. Da babban yatsanta ya fara gajiya da danne alamar, Sadiya ta koya mata tura shi sama ya kulle, shi ke nan an buɗe wa ruwa hanya. ’Yan acaɓa da masu gyaran taya suka koma aiko mata saƙo a ajiye musu fura, ita kuma ta mayar da amsa ta minti shida. Ƙawarta Habi mai ƙosai, wadda suke zama kusa da juna a tasha, ta rantse ta taɓa kunna saƙon Asta, ta shiga wanka ta fito, ta tarar ba a gama gaisuwa ba.

Da yake hoto take bi ta gane mutane, Sadiya ta sa wa kowace lamba fuskar mai ita. Da aka zo kan lambar Auwal, fuskarsa ta bayyana yana murmushi, Asta ta kawar da kai ta ce, “Ɗebe min wanga.” Sadiya ta yi dariya, ta nemo hoton jar albasa guda ta liƙa a wurin. Haka albasar nan ta zauna a wayar shekara uku. Asta ta san inda take, takan wuce ta kanta a hankali in tana neman wani, amma ba ta taɓa danna ta ba.

Bayan Sallar bara da ’yan makonni Kaka ta rasu, cikin tsufa da daraja. Auwal ya zo aka yi zaman makoki, ya koma. Gidan ya ci gaba da tafiya, man shanu ma bai fasa zuwa Aba ba, amma hanyar magana ta toshe, kuma ba wanda ya lura da wuri.

Wata bakwai bayan rasuwar, da rana tsaka, Asta na tsakiyar dama wa wani direba fura, wayar ta kama kuka, albasa ta cika fuskarta. Asta ta sandare da ludayi a hannu. Habi, da shisshiginta, ta miƙo yatsa mai maiƙo ta shafa. Sai ga Auwal a fili, kiran bidiyo ne, yana cewa, “Inna, ina wuni?” Kafin ya rufe baki Asta ta fizgo faifan da ke kan ƙwaryar nono ta kifa a kan wayar. Daga ƙarƙashin faifai aka ji ya sake gaisuwa, ya kuma sakewa, sannan shiru. ’Yan tasha suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Asta ta taya su da baki, amma ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma furar ranar ta yi ruwa har wani ya yi ƙorafi. Auwal bai sake kira ba.

Sallah saura kwana goma sha biyu Sadiya ta zo daga Goronyo, ta zauna a bakin murhu tana ta juya zance. Daga ƙarshe ta ce, “Inna, Yaya yac ce bana ba shi zuwa.”

Asta ta ci gaba da iza wuta. Ta ce, “Kasuwa ta riƙe shi?”

“Ba kasuwa ta ba. Cewa yay yi mai kiranai ta tahi. Kuma ba shi son shi zo inda aka ruhe mutum da hwaihwai.”

“To ke ki ce mai an ce shi zaka.”

“Na hwaɗa mai, Inna. Yac ce wa yac ce? Nic ce ke. Yac ce a’a, shi bai ji daga bakinki ba, ni ɗai nic ce.”

Maganar ta soki Asta. Ba fushi ta ji ba, tsoro ta ji, don ta san wanda ya fasa Sallah ɗaya, ta biyu ba ta yi masa wuya. Ta kai ƙara wurin Malam Hamidu, ta manta shi ma kunyar nan ce ta ɗaure shi. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, “Allah shi kyauta.” Habi kuwa cewa ta yi, “Ke da kika aika ma duniya magana, ɗanki na cikinki ya gagare ki? Zamani ya sake, danna ki kira shi.” Asta ta gwada. Ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta ajiye ƙwarya a gabanta a matsayin ɗan, ta buɗe baki. Harshen da ke sauke magana kamar ruwa da bakin ƙwarya ya ƙi motsi. Abin da aka yi shekara talatin da huɗu ana ginawa ba ya rushewa don an ce zamani ya sake.

Kwana uku tana fama. Ran na huɗu da hantsi, kafin ta fita tasha, ta shiga share ɗakin Kaka kamar yadda takan yi duk Juma’a. Kujerar tsugunnon na nan a inda take, ta yi santsi saboda zama. Wayar ta yi ƙara a ƙugunta. Saƙon wani mai gyaran taya ne, tun da sassafe ya yi shi, sai yanzu sabis ya kawo. Asta ta saurara, sannan ta tsaya da tsintsiya a hannu tana tunani. Mutumin nan ai ba da ita ya yi magana ba. Wayar ya faɗa wa, wayar ta riƙe, ta kawo mata lokacin da ta ga dama. Ta dubi wayar, ta dubi kujerar. Wannan ai aikin Kaka ne, gishiri da yajin kawai babu.

Ta buɗe Koriya, ta gangara har kan albasa, ta runtse ido ɗaya ta danna. Ta tura yatsa sama ya kulle. Ta ajiye wayar a kan kujerar Kaka, ta juya mata baya, ta duƙa ta kama shara, ta fuskanci bango.

“Kaka, Allah shi jiƙan ki, shi kai haske kabarinki. Na san ba ki ji na, amma ke ɗai nis saba aike. Ki hwaɗa ma mijinki Sallah saura kwana tara. Ki ce mai ragon da ubanai yas saye ƙarhi garai, babu mai kada shi gidan ga in ba shi ba.”

Ta ɗan yi shara, muryarta ta daidaita. Da ma farawar ce ke da wuya.

“Kuma tunda kin tahi kin bar ni da asiri, bari in tona. Hurad da kikan ba shi kullum da sahe, shina yabon babu mai damu irin Kaka, ke kin san hannunki bai taɓa ludayin ba. Karsanad da kic ce kin ba shi ranad da yas sauke karatu, cikin shanun ubana tah hito. Dut shekara kuma ba ke ka tunawa Sallah ta matso ba, ke da ko ranar kasuwa sai an tuna maki. Ni ka tsayawa bakin ƙohwa ina tarin ƙarya har ki ce a miƙo maki waya.”

Nan ta tsaya ta share ido da gefen zane.

“Zancen hwaihwai kuwa, ki ba shi haƙuri. Ba ƙiyayya ta ba, kunya ta. Na ga huskatai kahin in ruhe, na ga ya yi ƙiba, na gode ma Allah. Ki tuna mai mu masu nono, abin da muka tattali shi muka ruhewa da hwaihwai.”

Da a nan ta tsaya da an ce ta yi abin kirki a taƙaice, amma Asta ce. Ta ci gaba ta ba Kaka labarin tsadar gero, da akuyar Habi da ta ci mata dussa, da gardamarta da manhajar ruwan sama. Minti goma sha ɗaya cif. Ta aika, ta ga alamun nan biyu sun fito, ta ga sun koma shuɗi nan take. Ya buɗe ke nan. Ta tura wayar can ƙasan kwando, ta ɗauki ƙoranta ta yi tasha da sauri kamar an biyo ta.

Ranar ba wanda ta tambaya dalilin ramarsa. Habi ta dube ta sau biyu ta ce ko zazzaɓi ne, ta ce a’a. Azahar ta wuce, ba komai. Ta fara zargin kanta, wai ita da girmanta ta zubar da mutunci a banza. Sai bayan la’asar kwandon ya yi ƙara. Ta leƙa ta ga albasa. Ta bar wa Habi jiran ƙore, ta tafi gida, ta shige ɗakin Kaka, ta ɗora wayar a kan kujera, ta danna, ta sake juya baya.

Muryarsa ta fito, da hayaniyar kasuwa a bayanta. “Kaka, ina wuni? Na ji saƙo. Ki hwaɗa ma Inna asirin ga ya daɗe da tonuwa, kuma ita tat tona shi da kanta. Direba ya kawo min man shanu yac ce in ji Kaka, ke kuwa watanki bakwai da rasuwa. Nic ce lalle na yi dacen mata, har can ba ki mance ni ba.” Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. “Shi yas sa nik kira ranan, in yi godiya. Hannun na san shi, Kaka. Murya nika jira, yau kuma na ji ta. Ki ce a ɗaure ragon da kyau, Laraba ina bisa hanya.”

Asta ta dafe baki. Sai a lokacin ta tuna ranar da ta miƙa wa direba kwalba, bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Kunya ta kama ta, daɗi ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara yi, sai ta yi dariya da kuka a haɗe, ita kaɗai a ɗakin.

Ran Alhamis da yamma babura biyu suka sauke Auwal da matarsa da ’ya’yansu a ƙofar gida. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta. Asta ta dubi bango ta ce, “Sadiya, a ce ma baƙi sannu da hanya.” Babu abin da ya sake, kuma ba wanda ya so ya sake. Sai dai da ya shiga ɗakin Kaka ya tarar da ƙwaryar fura a kan kujerar tsugunno, an rufe ta da faifai. Ya buɗe, ya sha har ya ga gindin ƙwarya, sannan ya ɗaga murya yadda za a ji daga tsakar gida ya ce, “Kaka, hannunki bai sake ba.” Asta na bakin murhu, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Malam Hamidu, da ke alwala a gefe, ya ce, “Tsohuwag ga ta hi aiki yanzu.” Sadiya ta ce a shaida, jimla ta biyu ke nan cikin shekara uku, ban da addu’a.

Tun daga nan hanya ta buɗe. Duk Juma’a da hantsi Asta kan ɗora waya a kan kujera ta ba Kaka saƙo, kafin la’asar amsa ta dawo ta hannun Kaka. In wata sabuwar manhaja ta fito, ’yan tasha kan kawo mata ta gani, ta raɗa mata suna, ta yi kwana biyu da ita ta watsar. Wayar dai ta tsufa, fuskarta ta tsage a gefe ɗaya, sai an kai ta caji wurin mai sola sau biyu a rana.

Kwanan baya ta fara ƙin karɓar saƙo. Sadiya ta zo ta duba ta ce ta cika maƙil, dole a share wasu abubuwa. Ta fara lissafo su: bidiyon masu girki, hotunan bukukuwa, saƙonnin ’yan acaɓa na shekara uku, har da hoton nan da Malam Hamidu bai gane ba. Asta na dama fura, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, “Share su dut. Ki bar min albasa.”